Bidiyon biki ya yi duhu a kwamfutata: inda na bi har na gano masu cinye hasken

Ina da ɗan shago a Bukoki, nan Yamai. Muna buga takardu, muna fotokofi, in lokacin bukukuwa ya kama kuma mu haɗa bidiyon aure da na suna. Da kwamfutar da nake montaji da ita, wato yanka bidiyo da haɗa shi, ta gaji, sai na sayo wata ta hannu, irin ta tebur, akwati daban allo daban. Mai sayarwa ya kunna mini ita a gabana, Windows na ciki cikin Faransanci, fanka na juyawa shiru, ba abin da zan ce. A shago ma na buɗe takarda, fara tas. Na buɗe hotuna, kowanne da launinsa. Sai da na sa bidiyo abin ya fito. Wanda aka ɗauka da rana tsaka sai ya koma na magariba. Wanda aka ɗauka da dare kuwa, fararen riguna da fitilu kawai ke yawo a allo, mutanen da ke cikin rigunan babu su.

Aikin farko da ya faɗo a kanta shi ne auren ɗiyar wata Hajiya maƙwabciyarmu, mutanen Tawa ne da suka daɗe a unguwar. Da dare aka yi zaman mata a tsakar gida, fitila babba guda aka rataya a jikin bango, sauran hasken duk na salula ne. Mai kamera ya kawo mini nasa, dangi kuma suka tattaro abin da suka ɗauka da salulolinsu a kile, ƴar ma'ajiyar nan ta USB, aka ce in haɗa wuri guda. Kafin in gama, Hajiya ta leƙo ganin inda aka kwana. Ita ba mai zama kujera ba ce, don haka muka shimfiɗa mata tabarma gaban tebur. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Ɗana, ina amaryar take? Ni mayafi kawai nake gani."

Na ce, "Ga ta nan tsakiya, Hajiya, kusa da goggonta."

"Wanta yana Abijan, bai samu zuwa ba. Wannan ne kaɗai zai gani. Ka yi ƙoƙari ya ga fuskar ƙanwarshi."

Ni daga kujerata ina ɗan hango hanci da goshi, sai na sauko ƙasa in ga abin da take gani. Daga tabarma ko goshin babu. Yawancin allunan ofis masu araha irin da ake kira TN ne, kuma halinsu ke nan: ka kalle su daga sama su yi fari-fari, ka kalle su daga ƙasa su yi duhu, wani lokaci har launi ya juye. An yi su ne don mutum guda da ke kan kujera, idonsa saitin tsakiyar allo. Mu kuwa a gidajenmu abin kallo na kan tebur, masu kallo na ƙasa. Na sunkuyar da allon ya fuskanci tabarma, Hajiya ta ce yanzu ta ga alamar mutum. Amma ba nan gizo ke saƙa ba, tunda daga kujerar ma duhun na nan.

Bayan ta tafi, yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Maigida, ba sai mu ja haske sama a montaji ba, mu huta?" Shawarar da kowa ke fara kawowa ke nan, kuma ita na fi jin tsoro. Bidiyon biki ba a shagona za a kalle shi ba. Zai bi WhatsApp ya je Abijan, ya je Agadas, ya je Kano, a kalle shi a saluloli iri-iri, a kuma sa shi a talabijin ɗin falo. In duhun a injina yake ba a fayil ba, na ƙara haske don in gyara wa idona, to duk wanda ya buɗe shi a wani wuri zai ga baƙi ya koma toka, farar shaddar maza ta ƙone har ba a ganin aikin wuya, ga ɗige-ɗigen nan da kamera ke yi da dare sun taso sun lulluɓe fuskoki. Kuma abin da aka riga aka raba wa dangi ba ya dawowa. Na ce masa kada ya taɓa komai a montaji sai mun san inda hasken ke ɓacewa.

Hanyar da bidiyo ke bi ba ta da tsawo: daga fayil ya shiga manhajar da ke kunna shi, daga nan katin hoto, wato ɓangaren cikin akwati da ke aika wa allo hoto, sai wayar da ke haɗa akwati da allo, sai allo. Da fayil na fara. Na kwafi yankin da amarya ke zaune na sa a salulata ta igiyar caji, ban bi ta WhatsApp ba don kada ya matse shi ya rikita mini gwaji. A salula ga amarya sarai, da kwallinta, da lallen hannu har zanen bayan yatsu. Dare ne dai, amma ana ganin kowa. Mai kamera ya fita, fayil ya fita.

Sai na koma ɗaya ƙarshen, wato allo. Wanda ya saba da kwamfutar tafi-da-gidanka zai nemi ma'aunin hasken nan da ake ja a cikin Windows, amma a ta tebur yawanci babu shi. Hasken a jikin allon yake, a ƴan maɓallan da ke ƙarƙashin bakinsa. Na shiga na tarar haske kusan a ƙure yake. Na kashe tsarin tanadin wuta. Na kashe wani kuma da ake rubutawa DCR, wanda aikinsa shi ne rage fitilar bayan allo duk lokacin da hoto ya yi duhu don baƙi ya ƙara baƙi. A bidiyon dare wannan duhu ne kan duhu. Na goge ƙurar da ta kwanta a gilashi, na sauke labulen ƙofa, don ranar Yamai in ta shigo shago ita kaɗai ta isa ta kashe hoton dare. An ɗan samu sauƙi, ba mai yawa ba. Da fitilar allon ce ta tsufa, yadda tsofaffin alluna masu neyon a baya ke yi, da farar takarda ma ta dushe ta koma rawaya-rawaya. Takarda kuwa fara take.

Gwajin da ya raba gardama bai ci ko dala ba. Na tsayar da bidiyon daidai fuskar amarya, na danna maɓallin Impr écran mai ɗaukar hoton abin da ke allo, na buɗe Paint na liƙa, na adana, na tura hoton salula. Irin wannan hoto a cikin kwamfuta ake ɗaukarsa, tun bai bi waya ya kai allo ba. Saboda haka in ya fito da haske a salula, laifin yana waya ko allo. In ya fito da duhu, tun a cikin akwati aka cinye hasken. Na duba su biyun a salula ɗaya, bidiyon da hotonsa. Bidiyo da fuska, hoto babu fuska. Masu tsofaffin injuna na zamanin XP in suka yi wannan gwaji za su iya ganin baƙin fili kawai a gurbin bidiyon. Ba lalacewa ba ce, a lokacin bidiyo kan hau wani shimfiɗi dabam ne da maɓallin ba ya kamawa, kuma shimfiɗin ma yana da nasa ma'aunin haske a katin hoto.

Dalilin da ya sa hoto ke fita lafiya bidiyo ya ƙi shi ne ba ƙofa ɗaya suke bi ba. Rubutu da hotuna a shirye suke isa wurin katin hoto, nasa kawai ya nuna. Bidiyo kuwa a matse yake zuwa, haske daban launi daban, sai an warware shi an mai da shi ja da kore da shuɗi kafin allo ya gane. Yawancin manhajojin kallo katin suke miƙa wa wannan aiki don ya fi sauri, kuma a nan ne katin ke da damar sa hannunsa a haske da launi ba tare da ya taɓa sauran abin da ke allo ba. Wannan ya kuma fahimtar da ni wani abu da na lura da shi tun farko: a ƴar tagar manhajar montaji bidiyon bai kai duhun da yake yi in an kunna shi a waje ba.

Don in tabbatar, na buɗe VLC, manhajar nan da ɗaliban École Centrale ta Paris suka faro, aka sake ta ga kowa a 2001. Amfaninta a irin wannan rana shi ne tana barin ka zaɓi hanyar da bidiyo zai bi. Na shiga Outils, na shiga Préférences, a shafin Vidéo na sauya Sortie zuwa OpenGL, a shafin Codecs kuma na hana ta miƙa wa kati aikin warwarewa. Sai an rufe ta an sake buɗewa sauyin ke kamawa. Da na sake buɗewa, tsakar gidan Hajiya ta washe. Ga matan da ke zaune bayan amarya, waɗanda da ban ma san suna wurin ba.

Da zan iya tsayawa nan in ce kowa ya riƙa kallo da VLC, amma sauran manhajojin da burauza suna nan da duhunsu, kuma injin aiki ne, dole in yarda da abin da yake nuna mini. Na buga wa wanda na koyi aiki a hannunsa, mai gyaran kwamfuta ne wajen Babbar Kasuwa.

Na ce, "Yaya, bidiyo kaɗai ke duhu, kuma in na cire kati daga hanya sai ya washe."

Ya ce, "Da ka saye ta, an sake mata Windows?"

"A'a, da wanda ta zo nake aiki."

"To ƙanena, hannun mai ita na da yana nan ciki. Danna dama a fili, ka buɗe panon kati, ka nemi wurin launin bidiyo. Na bidiyo fa, ba na allo ba, shafi biyu ne daban."

Katin da ke ciki na NVIDIA ne. A panonsa, wato tagar saitinsa, can ƙasa a jerin hagu, akwai sashen Vidéo, a ciki akwai shafin daidaita launin bidiyo. Tambaya ɗaya yake yi a sama: wa zai riƙe launi, manhajar kallo ko kati? Wani ya zaɓi kati, ya ja haske ƙasa da tsakiya, ya ɗaga bambancin fari da baƙi, ya kuma rage gamma. Ukun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Ma'aunin haske yana ɗaga komai ko ya sauke komai, har da baƙi. Na bambanci yana tura mai duhu ya ƙara duhu, mai haske ya ƙara haske. Gamma kuwa tana barin baƙi ƙirin da fari fat inda suke, ta lanƙwasa abin da ke tsakani, kuma a inuwa aka fi jin ta. An haɗa su uku duk sun fuskanci ƙasa, ina bidiyon dare zai tsira? Na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, na bar wa manhajar kallo ragama, na danna Appliquer. Bidiyon rana ya dawo rana nan take, a kowace manhaja.

Da na faɗa wa Yaya abin da na tarar, hasashensa shi ne mai ita na da da talabijin yake haɗa ta, hoto ya yi masa fari-fari, ya yi ta jan ma'aunai ƙasa har ya yi masa daidai a can. Na yarda da shi, don ba wanda zai yi wa bidiyo haka da gangan a allon kwamfuta. Wanda injinsa ba shi da kati na daban, kamar yawancin kwamfutocin ofis da ake kawo mana, to na Intel ne ke ciki, kuma shi ma yana da sashen bidiyo a panonsa. A tsofaffin ana buɗe shi da Ctrl da Alt da F12. AMD ma haka. Wanda kuma YouTube ko Facebook kaɗai ke yi masa duhu, ya shiga saitin burauza ya kashe taimakon katin hoto, ya rufe ya buɗe. In ya washe, ya san inda zai nufa.

Na ɗauka an gama, amma da na koma zaman matan dare sai na ga har yanzu allo ya fi salula nauyi. Fuskar amarya ta fito, gefen da ba ya fuskantar fitila kuwa ya haɗe da mayafi. Na sake gwajin Impr écran. Wannan karon hoton da bidiyon sun zo ɗaya a salula. Ke nan cikin akwati ya gyaru, saura na bayan akwati, tsakanin waya da allo, kuma wannan ba bidiyo kaɗai yake ci ba, komai yake ci. Farar takarda da hotunan rana ne kawai ba sa tona shi.

A nan na yi abin da nake ganin duk mai aikin hoto ya kamata ya yi wa allonsa, kuma ba ya buƙatar intanet. A kwamfuta kowane launi matakai 256 gare shi, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne fari fat. Na buɗe Paint, na cika fili da baƙi, na zana ƴan akwatuna a jere. Paint na barin ka rubuta lambar ja da kore da shuɗi da hannunka, in ka ba su lamba ɗaya sai ka samu toka. Na ba akwatin farko 5, na biyu 10, sai 16, sai 20, sai 25, sai 30. Na kashe fitilar shago. Allon da ke daidai zai nuna maka su a jere suna ƙara haske, ko da na farkon sai ka ƙura ido. Nawa ya haɗiye ukun farko gaba ɗaya, ko gefensu ba a gani, na 20 ma da ƙyar. Na yi irin wannan a ɓangaren fari, 240 da 245 da 250 a kan farin fili, su ma suka ɓace.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1982, da aka kafa ƙa'idar talabijin ta dijital da ake kira Rec. 601, masu bidiyo ba su yi amfani da matakan duka ba. Baƙi suka ajiye a 16, fari a 235, suka bar ɗan fili sama da ƙasa saboda siginar na'urorin lokacin kan ɗan zarce iyaka. Ƙa'idar talabijin mai kaifi ta 1990, Rec. 709, ta riƙe wannan tsari, kuma har gobe yawancin bidiyo a kansa yake. Kwamfuta kuwa 0 zuwa 255 take aiki. Wayar HDMI, irin wadda ke haɗa akwatina da allo, tana iya ɗaukar kowanne cikin biyun, shi ya sa dole mai aikawa da mai karɓa su yarda a kan ɗaya. In ba su yarda ba, ya zama mai kawo gero ya auno da babbar tiya, mai karɓa ya tara ƙarama, abin da ya wuce baki ya zube. Akwatina na aika 0 zuwa 255, allona na jiran 16 zuwa 235. Duk abin da ke ƙasa da 16 sai ya mai da shi baƙi ɗaya, na sama da 235 fari ɗaya, sauran kuma ya miƙe su. In aka juya, akwati na aika gajere allo na jiran cikakke, sai baƙi ya zama toka, hoto ya yi hazo. Wataƙila wannan ne ya dami mai ita na da.

Miƙewar nan ce ta fi damuna, fiye da matakan da suka ɓace. Abin da ke 40 yakan sauko wajen 28, na 30 ya koma 16. A ido lambobin ba su da nisa, amma hasken allo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lamba. Da gamma 2.2 da allunan kwamfuta ke bi, hasken mataki na 28 bai kai rabin na 40 ba. Na ɗauki abin tsotsar launi na Paint na ɗora a kumatun amarya, gefen inuwa, a hoton da na adana. Lambobin a wannan yanki suke yawo, tsakanin 30 da 50. Nan fuskokinmu suke zama in dare ya yi. Mai farar fata a ƙarƙashin fitila guda yana da sauran rata kafin ya faɗa baƙi. Mu ba mu da wannan rata. Kuskuren saitin da wani a wata ƙasa zai ce hoto ya ɗan yi nauyi, a bikinmu yana share mutum ne ɗungurungum, ya bar ɗankwali da haƙora. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, kuma ba na jin daɗin in ji ana cewa ai dama baƙar fata ba ta fita a kamera. Sau da yawa ta fita, tana nan cikin fayil, a hanya aka yar da ita.

Gyaran kansa maɓalli ɗaya ne. A cikin saitin allo, ƙarƙashin sashen hoto, akwai wurin da ake zaɓar matakin baƙi na HDMI. Kowane kamfani da sunan da yake ba shi: wasu su rubuta Niveau de noir, wasu Plage RVB, zaɓin kuma ya zama Bas da Normal, ko Limitée da Complète. Nawa yana kan na ƙasa. Na mai da shi cikakke, akwatunan Paint suka bayyana ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Ana iya gyarawa daga ɗaya ɓangaren ma, a panon kati, shafin da ake sauya girman hoto, inda ake zaɓar iyakar siginar da ke fita. Ga allon kwamfuta na fi son cikakke nan cikakke can. Mai haɗawa da talabijin ya duba abin da talabijin ɗinsa ke jira ya ba shi irinsa. Wanda allonsa ba shi da wannan zaɓi ya gwada shuɗiyar wayar VGA mai ƙusoshi 15 in injinsa na da ramin; ba ta kai HDMI kaifi ba, amma ba ta san wannan rigima ba.

Sai da injin ya fara faɗa mini gaskiya sannan na taɓa montaji. Wurare kaɗan ne suka nemi gyara, inda mai kamera ya juya wa fitila baya lokacin da tsofaffi ke yi wa amarya nasiha. Nan ma gamma na ɗan ɗaga, ban taɓa ma'aunin haske ba, don baƙin dare ya zauna baƙi, fuskoki su taso. Mai kallo a gida da aka turo wa bidiyon da tun asali da duhu aka ɗauke shi zai iya yin haka a VLC: ya danna Ctrl da E, ya shiga gyaran hoto, ya ɗan ja gamma sama. Kallonsa kawai zai sauya, fayil ɗin na nan yadda yake.

Akwai ƴan gutsattsari da suka ƙi bin sahu duk da wannan. Wata ƙawar amarya ce ta ɗauke su, kuma su suka fi kowanne kusa, lokacin da ake ɗaura mata ɗankwali. A salular mai su suna ƙyalli, a wurina sun dushe, jan mayafi ya koma kamar an wanke shi da yawa, fari bai kai fari ba. Na buɗe su da MediaInfo, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke karanta takardar haihuwar fayil. Na mai kamera an rubuta BT.709, wato Rec. 709 ɗin nan. Waɗannan an rubuta HLG da BT.2020, wato HDR ne, tsarin da ke ɗaukar haske da launi fiye da na bidiyon da aka saba. Tun daga iPhone 12 ta 2020, yawancin wayoyin iPhone da HDR suke ɗaukar bidiyo in ba ka kashe ba, manyan wayoyin Android da dama ma suna iya yi. HLG tsari ne da BBC ta Ingila da NHK ta Japan suka fito da shi, kuma a cikinsa farin takarda ko farar riga yakan tsaya wajen kashi 75 cikin ɗari na sigina, a bar saman ga abin da ke walƙiya, irin fitila da gwal. Allon da ya san HDR ya san yadda zai buɗe wannan. Allona na da ne, ya ga 75 ya nuna 75, launukan kuma ya karanta su da ma'aunin da ba nasu ba.

Wannan ba a gyara shi a panon kati ko a maɓallin allo, kuma jan haske a montaji ba ya dawo da launin. Juya fayil ɗin ake yi. Na sa su a HandBrake, ita ma kyauta ce, a shafin matatu akwai wurin zaɓar tsarin launi, na zaɓi BT.709, na bar ta ta yi aikinta. A injin hannu irin nawa tana ɗaukar lokaci, gara a sa ta lokacin da ake sa ran wuta za ta zauna. Da ƙawar ta zo karɓar kile ɗinta na nuna mata inda ake kashewa: Réglages, Appareil photo, Enregistrement vidéo, sai ta sauke Vidéo HDR duk ranar da ta san abin da za ta ɗauka za a haɗa shi da na wasu ko a tura wa masu ƙananan saluloli. Ranar da don kanta take ɗauka, ta bar shi a kunne, ya fi kyau a wayarta.

Gutsattsarin da aka juya na saka su tsakanin na mai kamera, jan mayafin ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe. Kafin in fitar na kalli zaman dare a allo, na kalle shi a salulata da ta yaron shago, na kuma ɗauki kile na gwada a talabijin ɗin mai shayin da ke gefenmu. Sannan na fitar da fayil biyu, babba a kile don talabijin ɗin gida, ƙarami don WhatsApp.